Ranar Da Ban Sauka Daga Keke Ba

Ku da kuke biye da ni, sannunku. Na ga masu tambaya ko lafiya suka ji ni shiru. Lafiya lau, gajiya ce. Wanda ya shigo yau kuma, ga ni: Adamu, mutumin Kafin Maiyaƙi, manomi. Na haura sittin da biyar. Rabi, uwar 'ya'yana, ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ina neman auren Furera ta Badafi. Masu dariya su yi su gama, sannan su karanta.

Keke ba baƙona ba ne. Da baƙin keke mai sanda na yi dakon masara tun kafin a haifi masu ba ni shawara yanzu. Amma wannan na yanzu daban yake. Mujitaba ɗana, da ke aiki a Kano, shi ya kawo min shi bayan likita ya ce jinina ya hau, in riƙa motsa jiki. Da yatsa biyu ake ɗaga shi. Tayarsa siririya kamar karan dawa, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Sirdin kuwa, wanda ya ƙera shi ba ya ƙaunar ɗan Adam.

Mujitaba ya haɗa ni da ƙungiyarsu ta masu hawan keke. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada. Duk Asabar bayan asuba su haɗu a Bagauda, su hau titi har Tudun Wada, masu ƙarfi su zarce Doguwa, sannan su juyo. Ba kaya suka kai ba, ba kaya suka ɗauko ba. Da farko na ce rashin aikin yi ne. Har yanzu ban janye maganar duka ba. Amma gidan da babu mace shirunsa yawa gare shi, sai na bi su.

Shugabansu Kamilu ne, malamin firamare a Bebeji. Yaron kirki, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Suna da zaure a waya, kullum cikin shawara.

"Kar wanda ya sayi keken gwanjo bai kifa shi ya duba ƙarƙashinsa ba. In da tsaga a ƙarfen, a bar wa mai shi."

"Mai sayen keke ya tsaya a kansa tukuna. In sanda ta taɓa shi, ya yi masa girma."

"Baba Adamu, don girman Allah ka daina zuba wa sarƙa baƙin mai. Ƙasa yake kwasowa. Wanke ta da kananzir, ka ɗiga mata nata man kaɗan, ka goge."

Na bi wasu, na bar wasu. Hular kwano na karɓa, don kai ɗaya gare ni. Famfo da faci da tub na ajiya duk na ɗaure su ƙarƙashin sirdi. Amma wandon nan nasu mai kama jiki kamar an ɗura mutum a ciki, wannan kam na ce a kai kasuwa.

Kamilu ya ce, "Baba, akwai soso a cikinsa, sirdi ba zai dame ka ba."

Na ce, "Ya dame ni. Ina da jikoki."

Da wandona na yadi nake hawa, in cusa ƙafafunsa cikin safa, da 'yar shara a sama.

Keken nan shi ya kai ni ƙofar Furera. Farkon damina ne, ina dawowa ni kaɗai ta Badafi, ƙaya ta huda min tayar baya. Na tsaya gindin wata bishiyar darbejiya a ƙofar wani gida, na ciro tub, na hura, na kasa gano hujin. Kunnena ya daina jin irin wannan ƙaramar iskar. Na yi sallama a ba ni ruwa a kwano. Wata mata ta fito da shi, da hijabi ruwan toka, hannunta duk man gyaɗa. Ba yarinya ba ce. Ta ajiye kwanon, ba ta koma ba, ta tsaya tana kallo ina nutsa tub ɗin.

Ta ce, "Ga shi can yana kumfa, Malam. Ka wuce shi."

Na ce na gani.

Ta ce, "Ba ka gani ba. Amma ba komai."

Tun rasuwar Rabi ba wanda ya ƙaryata ni a fuskata. 'Ya'yana tsorona suke ji, maƙwabta lallaɓa ni suke. Na dawo gida ina ta jin haushin matar nan, kuma da na wayi gari na ga ba haushi ba ne.

Na bincika. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata duk suna ɗakunansu. Tana zaune a gidan yayanta, Malam Rufa'i, tana yin mai da ƙuli-ƙuli. Shi Malam Rufa'i ya girme ni. Dogo ne, siriri, mai sanda, irin mutanen da ba sa maimaita magana. Na je na gaishe shi yadda ya kamata, na koma, na sake komawa. Ya ba ni izinin zuwa zance. Har ya ce in an kai amfanin gona gida in turo manyana. Na ce a raina, wane manya suka rage min, ai ni ne manyan.

Ba ni kaɗai ke nema ba. Akwai Alhaji Ɗanasabe na Tudun Wada, dillalin hatsi, mai farar mota. Furera ta ce min shi ba ya gabanta, mutumin da yake ba ta labarin farashin buhu tun daga zuwa har tafiya. Na yarda da ita. Na saki jiki.

Sai maganar takalmi ta zo.

Yawancin 'yan ƙungiya suna da wani takalmi mai ƙarfe a tafinsa. Fedar kekensu ma daban take, tana da baki. In ka ɗora ƙafa ka danna, sai ka ji ƙas, ta kama takalmin. Wai don ƙafa ta riƙa ja sama tana dannawa ƙasa, ƙarfi ba ya zubewa. Kullum ni ne na baya a hawan tudu, kuma ni ba na son a tsaya jirana. Mujitaba ya samo min takalmin da fedar a gwanjo. Kamilu ya zo har gida ya ɗaura min.

Ya ce, "Baba, fita ita ce aikin. Ba sama ake ja ba. Dunduniya za ka murɗa waje, sai ta sake ka. Ka dafa bango ka yi ta gwadawa kafin ka hau titi."

Na dafa rumbu na gwada, ta sake ni. Na ce na iya.

Bayan tafiyarsa na zauna duba aikin da ya yi, don ba na yarda da ɗaurin yaran yanzu. A bayan kowace feda na ga wata 'yar ƙusa sako-sako, har tana motsi. Na girgiza kai. Ni tunda nake, a garma ko a amalanke ko a injin ban ruwa, ban taɓa ganin noti a kwance na wuce shi ba. Na ɗauko abin ɗauri na murɗa su har suka ƙi tafiya. Ban san da gangan Kamilu ya sassauta su ba. Ashe ita ce ke sa feda ta riƙe takalmi da ƙarfi ko da sauƙi. Ni kuma na kai ta ƙarshe.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shirya zuwa Badafi. Na sa farar shadda 'yar shara wadda Bushira 'yata ta ɗinka min da sallah, na fesa turare, na sa hulata zanna a aljihu don in sauya in na isa. Na ɗaura goro da 'yar ledar dabino a bayan sirdi. An yi ruwa da safe, ƙofar gidana duk taɓo, na taka shi da takalmin ban kula ba. Na hau, na danna, na ji ƙas, ƙas. Hanya ta yi daɗi. Masara ta yi kai, iska na kaɗawa. Ban tsaya ko'ina ba.

Yaran birni da ke karanta wannan, ku saurara. A ƙasarmu in kana kan keke ka hango babba, tun daga nesa kake sauka. Ka jingine keken, ka tuɓe takalmi, ka ƙarasa a ƙasa, ka durƙusa. In kuwa wanda kake neman aure a hannunsa ne, ba a ma tsayawa bayani. Ni da kaina na taɓa sallamar wani yaro da ya zo neman Bushira saboda ya gaishe ni yana zaune kan babur. Kuma ban yi nadama ba.

Na shawo kwanar gidan, sai ga Malam Rufa'i a gindin darbejiya kan buzunsa. Ba shi kaɗai ba. Liman yana nan, da mai unguwa, da dattawa cike da tabarma. Duk suka ɗago suna kallona.

Na taɓa birki, na murɗa dunduniya. Shiru. Na sake murɗawa. Kamar an yi min walda. Na gwada ta hagu, ita ma haka. Sai na manta duk abin da Kamilu ya faɗa, na shiga fizga sama kamar akuyar da aka ɗaure. Keke ya fara tangaɗi. Abu biyu ne a gabana: ko in tsaya in kife a gabansu da farar shaddata cikin taɓo, ko in taka.

Na taka.

Na wuce ta gaban tabarmar, kusa har ina ganin carbin da ke hannun liman. Na ɗaga hannu ɗaya na ce, "Salamu alaikum," kamar direban da ya ga yaran makaranta. Ban ji an amsa ba.

Sai bayan gari na samu wata ɗorawa a bakin gona, na rungume ta, na tsaya. Na sunkuya na kwance igiyar takalman, na zare ƙafafuna, na bar su suna reto a jikin feda. Na tsaya da safa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na san abin da ya kamata: in juya yanzu, a haka, in tura keken zuwa gindin darbejiya in ce ga abin da ya faru. Na kalli safata, na kalli takalman, na tuna fuskar mai unguwa. Na zaga ta bayan gonaki na koma gida.

Kafin magariba saƙon Furera ya shigo. Da murya muke yi, ni da ita duk ba ma son dogon rubutu.

"Malam, me na ji? An ce ka wuce Yaya kamar iska. Ka ce min ƙarya ne."

Ban amsa ba. Da safe wani saƙon nata ya shigo.

"Yaya bai ci tuwo ba jiya. Ya ce tunda yake ba a taɓa yi masa haka a gaban liman ba. Malam, in fasawa ka yi, ai da ni za ka faɗa wa."

Wannan ya sa na kira ta. Na faɗa mata komai, har ɗorawar. Ta fashe da dariya har tana tari. Na ji tana cewa wayyo cikina. Na bar ta ta gama.

Ta ce, "Takalmi ya riƙe ka?"

"Ya riƙe ni."

"Kai da ko 'ya'yanka ba sa iya riƙe ka."

"Furera, ba wasa na kira ba."

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Na sani. To me ya hana ka dawowa a lokacin?"

Na ce yamma ta yi.

Ta ce, "Yamma ba ta yi ba. Amma ba komai. Zan gaya masa."

Ta gaya masa. Amsar da ya bayar ta fi fushinsa na farko zafi. Ya ce ya tsufa yana ganin keke, bai taɓa ganin wanda ya kama ƙafar mai shi ba. Ya ce raini ɗaya ne da, yanzu an ƙara masa da ƙarya, an mai da shi yaro. Ya ce kar in sake taka masa ƙofar gida.

Labari ya kai Kano, ban san ta ina ba. Bushira ta kira tun kafin in karya.

"Baffa, don Allah ka rufa mana asiri. A gidan suna jiya har ana nuna ni, wai ga 'yar tsohon da ke tsere da yara. Ka ajiye keken nan, ka ajiye maganar auren nan. Me ka rasa? Abinci ana kawo maka, wanki ana yi maka."

Na ce, "In kin gama ki gaida mijinki."

Mujitaba shi kuma ya ce in bari ya zo da mota, ya ɗauki dattawa biyu su je ban haƙuri, ya nuna wa Malam Rufa'i hoton fedar a waya. Na ce ba a aika ɗa ya gyara abin da uba ya ɓata. Kamilu ya zo da kansa, ya duba fedar, ya riƙe baki.

"Baba, wa ya ɗaure wannan?"

"Ni."

"Ai ko ni ba zan fita daga nan ba! Ga taɓo kuma ya bushe a ciki. Kawo in sassauta."

Na ce ya bari.

"Baba, haɗari ne fa."

Na ce ya bari, keke nawa ne.

Ya tafi yana waiwaye. Da daɗewa ban tofa komai a zauren wayarsu ba, amma na san an yi maganata, don washegari ya rubuta: "Sabbin masu takalmi, kar wanda ya taɓa ƙusar bayan feda." Bai ambaci suna ba. Allah ya yi masa albarka.

Na san abin da ya rage min tun ranar da Furera ta kawo amsar yayanta. Mutum irin Malam Rufa'i ba ya karɓar labari, sai abin da idonsa ya gani. Na sani domin ni ma haka nake. Amma sani daban, tashi daban. Yau in ce gwiwa, gobe in ce hadari ya haɗo, jibi in ce sai na zuba taki. Keken na jingine a zaure da takalman a jikinsa, in wuce shi in shiga, in wuce shi in fita. Asabar ta zo ban je Bagauda ba. Wata Asabar ɗin ta zo ban je ba. Tuwon da matar ƙanena ke aiko min in ci rabi in rufe. Na gaji da gidan, na gaji da wayar, na gaji da kaina.

Saƙonnin Furera suka fara gajarta.

"Malam, ina kwana. Shiru."

"Farar mota ta zo jiya. Tun daga bakin masallaci ya fito ya tako a ƙasa."

"Ta sake zuwa."

Na ƙarshe ba gaisuwa a cikinsa. "Malam Adamu, ni ba yarinya ba ce, ba ni da lokacin da zan yi ta jira. In girmanka ya fi ni, ka riƙe abinka."

Na saurare shi, na sake saurara. Ranar Juma'a ce. Na ɗauko farar shaddar nan, ita dai. Na sa hular kwano na ja igiyarta sosai. Na dafa bangon zaure, na hau, na zura ƙafa cikin takalman, na ɗaure igiyarsu. Ba ƙas yau, tun ranar suna maƙale a feda.

Hanyar ba ta yi daɗi ba wannan karon. Gwiwa na ciwo, sarƙa na ƙara don na daɗe ban ɗiga mata mai ba. Ina tafe ina duba gefen hanya, ina tunanin wane ɓangare ya fi dama mutum ya faɗi. Na zaɓi hagu, saboda hannun cin abinci.

Suna nan kamar ba su tashi ba tun ranar. Malam Rufa'i a kan buzu, liman, mai unguwa, da sauran. Da suka hango ni hira ta tsaya. Mai unguwa ya ce wani abu, wani ya yi tsaki. Malam Rufa'i ya kau da kai.

Na zo daidai tabarmar. Na damƙe birki biyu.

Keke ya tsaya cak. Akwai ɗan lokaci da mutum yake tsaye a kan taya biyu ba ya motsi, yana ganin kamar zai dawwama a haka. Na ce, "Salamu alaikum." Sannan ƙasa ta taso ta same ni.

Kafaɗa ce ta fara sauka, sai ƙugu, sai hular kwano ta bugi saiwar darbejiya. Keken ya biyo ni ya kwanta a kaina, ƙafafuna na nan a jikinsa. Na ji wani abu ya amsa a kafaɗar. Taɓo ya shiga min baki.

"Subhanallahi!" in ji liman. Mutane suka miƙe.

Malam Rufa'i ya ce, "Kar wanda ya taɓa shi."

Ya dogara sandarsa ya tashi, ya tako a hankali har inda nake. Ya tsaya a kaina yana kallo. Sannan ya miƙa wa liman sandar, ya sunkuya, ya kama idon sawuna da hannu biyu ya ja. Keken ya biyo ƙafar. Ya taka ƙarfen da ƙafarsa ya sake ja, har yana nishi. Ko motsi.

Ya saki. Ya duba tafin takalmin, ya duba fedar.

Ya ce, "Ashe da gaske ne."

Daga kwancen na ce, "Malam, ina wuni. Na same ku lafiya?"

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Lafiya lau, Adamu." Ya goge hannunsa a rigarsa. Muryarsa ta sauka, ba faɗa a cikinta, kuma wannan ne ya tsorata ni. "Ai da ranar ka faɗi. Ko washegari. Na jira ka. Jiya mutanen Ɗanasabe suka zo da goro, na karɓa, a gaban waɗannan."

Na rufe ido. Kafaɗar ma na daina jin ta.

Sai na ji motsin labulen zaure, da ƙamshin man gyaɗa.

"Yaya."

Duk suka juya. Mace ba ta fitowa majalisa a gidan nan.

Malam Rufa'i ya ce, "Koma ciki."

Furera ba ta koma ba. Ba ta dube ni ba ma, yayanta take kallo.

Ta ce, "Kai ka karɓa, Yaya. Ni ba a tambaye ni ba."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malam Rufa'i ya miƙa hannu a ba shi sandarsa. Ni kuwa ina kwance a tsakaninsu da keke a kaina, kuma har lokacin ba wanda ya tuna ya kwance min igiyar takalmi.